Dashen Mai Wurno

Mu goma sha ɗaya ne, har da Kande mai shayi.
Da kuɗin adashi muka sayi ledar reno,
bagaruwa dubu biyu a bayan makaranta,
don Nilu na gutsurar gaɓa kamar mai cin ƙuli.
Bara ya haɗiye gonar Tanimu, har da rijiyar.

Ni ne magatakarda, ni ke hawa motar Sinnar,
takardunmu cikin buhun sukari kada gumi ya ɓata su.
Ofishin daji ya ce ƙasar ta 'yan noma ce.
'Yan noma suka ce gaɓa ai ta ruwa ce.
Na ruwa ya ce, wa ya yi muku rajista?
Mai rajista ya tafi salla.
Na zauna a benci har la'asar sakaliya.

Da ya dawo ya auna ni sama da ƙasa:
Wa ke ba ku kuɗi? Daga waje?
Na ce Kande ce, ranka ya daɗe, daga cinikin shayi.
Bai yi dariya ba.
Ya rubuta sunanta.

Wata baƙuwa ta zo da malafa da ƙaramin littafi,
ta ce a ƙasarsu ƙungiya kan maka gwamnati a kotu,
wani sa'in ma ta kayar da ita.
Muka yi shiru muna juya cokali.
Tsoho Gambo ya ce, to in kun kayar da ita,
gobe wa zai buga muku hatimi?

Ƙanena ya bugo daga Jidda,
ya ce inda yake aiki hukuma ta kawo itacen,
ta kawo ruwan, ta kawo riga mai tambari,
shi dai ya riƙe shebur inda aka nuna masa.
Na ce mu da tamu zaman 'yan marina muke,
rami ɗaya, kowa da inda ya sa gaba.

Sai damina ta yi sammako.
Saiwa ta fasa leda, ba ta san layi ba.
Muka fita da asuba, muka dasa ba izini,
yara na jido ruwa da tsofaffin jarkoki.

Ranar Juma'a sai ga mai rajista,
ba alƙalami, jallabiyarsa duk laka.
Gabana ya faɗi.
Ya durƙusa ya taɓa ganye, ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce gidan tsohuwarsa ma saura taku bakwai ya rufta,
ko za a samu guda goma?
Kande ta ba shi ashirin, ta zuba masa shayi.
Yana kurɓa ya ce, ni yau ban zo nan ba.

Takarda ta iso bayan kaka,
hatimi uku, an yarda da ɗari biyar.
Na tsaya a gaɓa, dashe ya kawo min ƙugu,
ina ta dubawa
ko zan gane waɗanne ne masu izinin.