Sikelin Aro

Sikelin da na rataya a reshen dalbejiya
a bayan kasuwar Sabon Gari
aro ne daga wurin mai sayar da masara.
Namu na ofis ya mutu tun bara,
allurarsa ta tsaya a kan bakwai ta ƙi motsi,
kamar takardarmu a teburin akanta.

Wata goma sha ɗaya muna jiran kuɗin bincike.
Ko da suka iso Samaru sun rame a hanya:
rabi ya tafi a man mota,
saura ya ishe mu littafi uku, safar hannu,
da ladan ɗalibai biyu.
Masu kuɗin sun aiko tambayarsu cikin dogon Turanci,
ni kuwa na sauke ta a bakin kasuwa kamar haka:
cikin abin da Zariya ke zubarwa,
nawa ne ke dawowa gida?

Barau ne ya fara kawo buhunsa,
gwangwanayen lemo, kilo tara.
Ya ce, "Malama, rubuta goma,
cikon yana kwalbatin Muciya, gobe zan tsamo."
Na rubuta tara. Ya ce boko ba ya bashi.

Na bi gwangwanayen har Tudun Wada,
rumfar Mati mai zubin tukwane.
Suka narke, suka zama farin ruwa mai ƙyalli,
aka tsiyaya shi cikin yashi,
kafin la'asar ga tukunya da kunnuwa biyu da murfi.
Uwani mai dambu ta saya.
Ran da gindinta ya huje za ta koma wa Mati,
ta fito ludayi, daga baya cokali.
To a wane layi zan sa ta?
Takardar da aka ba ni gida biyu gare ta:
wanda aka yar, da wanda aka ceto.
Babu gidan abin da ya mutu sau huɗu yana tashi.

Tayar tirela daga Kwangila
ta haifi takalma ƙafa takwas,
tif ɗinta ya zama guga a wata rijiya a Hanwa.
Kashin kaji ya sauka lambunan bakin Galma,
ya hawo gari cikin kwando, jajawur.
Duk na rubuta, hannuna yana rawa don daɗi.

Amma kada in yi muku ƙarya.
Leda ba ta dawowa.
Na gan ta kwance a Kubanni ta shaƙe wuyan ruwa.
Da akuyar Kande ta daina cin dusa aka yanka,
mahauci ya zaro abin da ke tumbinta,
baƙa da fara, a cure kamar tsumma.
Na ɗora a sikeli, kilo biyu.
Kande ta ce in rubuta har da sunan akuyar.

Ran Alhamis wasiƙa ta zo:
an ɗage zagaye na biyu sai yadda hali ya yi.
Na tuna bangon ɗakin innata,
inda take zana tsawonmu da gawayi kowace sallah.
Zane ɗaya bai taɓa gaya mata mun girma ba,
sai shekara ta kewayo ta ja na biyu a samansa.
Mu zane ɗaya aka biya mana.

Na kwance igiya daga reshen,
mai masara yana jiran abinsa.
Sai ga Barau da jiƙaƙƙen buhu a kafaɗa,
ƙafafunsa baƙi da taɓon kwalbati.
"Malama, ga cikon goman.
Yaya, lissafinku ya ce mun ci gaba?"

Na mayar da igiyar bisa reshe.
Kilo ɗaya da ɗoriya.
Littafin ya cika, na rubuta a tafin hannuna.