Saura Nawa?

Shekara shida ana ce mini ƙyasbi ne.
Na sha sassaƙe, na shafa man kaɗanya,
wani mai kemis a Gangare ya rantse makero ne,
ya sayar mini da kwalba uku.
Tabon bai ji rantsuwa ba.
Ya tashi daga cinya ya hau gadon baya
a hankali, kamar mai neman gidan haya.

Sai a asibitin Lamingo suka yanki fatar,
ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba.
Da na koma, Likita Kangyang ta juya takarda sau biyu
kafin ta ɗago kai.
Daji ne, Baba, in ji ta, amma mai tafiyar hawainiya.
Daga jini ya taso, ya sami fata ya shimfiɗa tabarma.

Ni kuwa shekara arba'in da ɗaya ina gyaran agogo
a bakin Taminus, tun kafin wuta ta ci kasuwar,
don haka tambayar sana'ata na yi mata:
saura nawa?

Ta zana layi a bayan katina.
Wasu sukan kai nan, wasu su wuce can,
in bai yi ƙulli ba, in bai shiga kaluluwa ba.
Shekarunka saba'in da huɗu ma suna da bakin magana.
Wannan lissafin taron mutane ne,
ba a rubuta sunan Tanimu a ciki ba.
Ta ƙara da cewa, watakila hawan jininka ya riga shi.
Na yi dariya har nas ta leƙo.
Ashe masu bina bashi biyu ne,
kuma ba su san juna ba.

Dare ne ba ya wasa.
Sanyin Jos ya hana a yaye bargo,
ƙaiƙayi ya hana a rufa.
Hansatu ta yanke mini farce,
ta sa mini safar jikanmu a hannu
kamar jinjiri,
ta kakkaɓe ɓawon fata daga zanen gado da asuba
ba ta ce komai ba.
Sau ɗaya kawai na ji ta a bayan ɗaki
tana fyace hanci da daɗewa.

A benci muka saba da Dung, tsohon ɗan kuza.
Nasa ya fashe a wuya.
Yakan kawo dafaffen dankali mu raba,
yana zagin kuɗin mota.
Da aka yi ruwan ƙanƙara na farkon damina
na riƙe masa wuri har azahar.
Dankalin Hansatu na cinye ni kaɗai a hanya.

Damina uku ke nan.
Tabon hagu ya dusashe, wani ya ɓullo a haƙarƙari.
Na daina ƙirga su.

Jiya wani yaro ya kawo agogon mahaifinsa,
tsohon mai wani, ya tsaya tun bara.
Na buɗe bayansa: tsatsa kaɗan, gashin cikinsa lafiya.
Zai daɗe? in ji yaron.
Na ce ban sani ba, amma yau zai yi tafiya.
Ka dawo ran Laraba.
Talata ina da asibiti.