Taura Biyu Ranar Lahadi

Ƙarfe biyar na asuba, Steinbach tana barci,
ni ina kankare ƙanƙara daga gilashin mota
da katin banki, don makankarin ya yi ɓatan dabo.
Annika na baya, ta rungume jakar da ta fi ta girma,
takalman zamiya rataye a wuyanta.
Wasa a Brandon, tafiyar awa uku.
Sujada ƙarfe goma, nan bayan gidanmu.
Ko ɗan aji ɗaya ya san wannan lissafi ba ya fita.

Jiya da dare mahaifiyata ta kira.
Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi.
Cewa kawai ta yi, "Zan ajiye muku wuri, Lorne,
ko da za a dace."
Shekara arba'in benci na huɗu ta hagu namu ne,
har katakon ya san nauyin kowa.
Yau mako uku ke nan
jakarta ce ke zaune a madadinmu.

Koci Desrosiers ba mugu ba ne,
mai tsaron raga ɗaya gare shi, kuma 'yata ce.
Ya ce wanda ya tsallake wasa biyu ya koma benci.
Benci can, benci nan,
ni kuwa ɗuwawuna ba su da yawa.
Fasto Wiebe ya ce shi ba ya ƙidayar kawuna.
Na yarda da bakinsa,
idonsa ne ban yarda da shi ba.

Mun wuce Portage gari bai gama wayewa ba
ta ce, "Baba, Allah yana fushi da mu?"
Na ƙara wa na'urar ɗumi ƙarfi.
Na ce ta ci burodinta.

Ƙarfe goma daidai, ina tsaye bayan gilashi,
kofin shayi ya huce a hannuna,
na san yanzu can sun miƙe don waƙar farko,
na san muryar da ta fi kowa saurin shiga.
Sai ga Annika a bakin raga,
ta durƙusa kan ƙanƙara kafin usur,
kai a sunkuye, leɓe na motsi cikin hular ƙarfe.
Ban koya mata wannan a nan ba.

An ci mu huɗu da ɗaya.

A hanyar dawowa na ce, "Nasara kika roƙa?"
Ta ce, "A'a. Na roƙa wani ya zauna kusa da Kaka."
Na tuƙa mil goma ban ce uffan ba.

Da yamma muka tarar da ita a kicin,
miyar kabeji a wuta, takardar sujada a kan tebur,
ta ja layi ƙarƙashin ayar da aka karanta.
Ta sa Annika ta karanta mana da ƙarfi,
gashinta bai ma bushe ba.
Bayan Amin, ta gyara tabarau ta ce,
"To, nawa kika tare?"
"Talatin da ɗaya."
"Talatin da ɗaya!" Ta ƙara mata miya.

Jadawalin mako mai zuwa na manne a firij:
Lahadi, ƙarfe goma, Morden.
Na rubuta wa koci saƙo, layi biyu rak.
Yana nan cikin wayata tun ɗazu,
babban yatsana a kansa,
ban aika ba, ban kuma goge ba.