Teku a Falle Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Donostia,
ruwan sama na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Uxue ta tuɓe takalma, ta naɗe ƙafa kan kujera.
Kwana uku ke nan kwamfuta na huci.

Abin da ta shimfiɗa a ciki hannu ba ya ɗauka:
falle ɗaya na baƙin fensir,
kaurinsa ƙwayar zarra guda, ba ƙari,
ta rufe shi sama da ƙasa da farin fallen boron.
Sannan ta sako haske.

Shi haske ɗan sarari ne, bai saba da matsi ba.
Yana taɓa fallen nan
ƙwayoyin lantarki suka riƙe masa riga,
ya ja, suka ja,
har aka rasa wa ke goye da wa.
Ya tsuke ninki ɗari, ya rage gudu,
ya koma rarrafe,
zobe na bin zobe
kamar an jefa tsakuwa a ruwa kwance.

Sai ga baƙon zane a gefen allo,
layuka sun sarƙe kamar saƙar koma.
Gabanta ya faɗi.
Har ta fara raɗa wa abin suna,
har ta hango shi an buga a mujalla.

Mahaifinta Imanol, shekara arba'in yana su a Getaria,
ya taɓa tambayarta, yana ɗinkin taru:
"Tekun nan naki, yana jiƙa mutum?"
Ta ce a'a.
"To me ake kamawa?"
Ta yi dariya, ta miƙa masa zare.
Shi ne kuma, tana 'yar bakwai,
ya nuna mata ruwa a bakin tasha, ya ce:
"Igiyar da ta dawo miki, bango ta gani."

Ta buɗe lissafin iyaka.
Ga shi nan: gaɓar da ta gina don shanye igiya
ta yi siriri,
tana mayar da abin da aka aiko mata.
Ba sabon kifi ba ne.
Katangarta ce.

Ta ƙara wa gaɓar kauri, lamba ɗaya ta canza.
Kwana uku sun bi ruwa.
Kofi ya huce, ta shanye shi a haka.

Can ƙasa jiragen su na kunna fitila.
Ta danna, haske ya sake shiga,
bai san an taɓa yi ba.