Ƙidayar Takalma

Ni ne Arzika, mai fito a mashigin Kwalkwalawa.
Ban zauna aji ba, amma na iya ƙidaya biyu:
takalman da ke kan tudu,
da kawunan da ke cikin ruwa.
In sun zo daidai, sannan nake fasa goro.

Bayan azahar suke zuwa,
lokacin da ƙadangare ke ɗage ƙafa don zafin ƙasa.
Su tuɓe riguna a gindin giginya,
su jere silifa kamar a ƙofar masallaci.
Tara ne yau.
Akwai ja, akwai wanda aka ɗinke da waya,
na Jabbi ke nan, ɗan Ige mai fura,
yaron da kunnensa ke ƙeya.

Shekarar da gulbi ya kwashe shinkafar Dundaye
ƙanena Nomau ya ajiye nasa a nan,
a wannan saiwar da nake ɗaure jirgi.
Gwani ne, har kifi ya san da shi.
Da magariba kowa ya sa nasa ya tafi,
nasa suka zauna suna kallon ruwa.
Inna ta ƙulle su a bakin zane ta kai ɗaki,
suna ƙarƙashin gadonta har ta koma ga Mai duka.

Shi ya sa nake da baki, yara, ku yi haƙuri.
Rima ba ya gaba da kowa,
amma ba shi da aboki.
Inda jiya ya tsaya muku a gwiwa
masu tifa sun kwashe yashi da asuba,
yau ramin zai haɗiye raƙumi da kayansa.
Ranar da za a buɗe Goronyo kuma
ba a aiko muku da goron gayyata.

Kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai.
In ƙafar wani ta rasa ƙasa
kada ka bi shi don zumunci,
makoki biyu za ka haɗa wa unguwa.
Ga gorar tuƙi, miƙa masa,
jefa masa jarka, ka tsaga gari da ihu.
Kai za ka yi ihun,
shi bakinsa ya cika.
Na gani da idona: ruwa a shiru yake sata.

Ko a gida ban bar su sun huta ba.
Tumba 'yata ta ce na tsufa da mita,
don na kife bahon wankinta,
na ɗora dutse kan murfin rijiya.
Na ce, ɗanki ya fara rarrafe,
ruwan da bai rufe idon sawunki ba
ya ishe shi
kafin ki juya tuwo.

Yau da rana ta yi ja a kan Wamakko
na daka musu tsawa suka fito,
kowa na tsalle da ƙafa ɗaya yana kaɗe kunne.
Takwas suka sa takalma.
Saura mai waya.

Ban san sadda na faɗa ruwa da rawanina ba.
Na laluba gindin gada, na laluba ramin yashi,
ina kiran Jabbi,
bakina yana cewa Nomau.

Sai ga shi daga lambun albasa,
ƙafa ba takalmi, riga cike da mangwaron mutane,
yana tambayar mi ya faru.

Ban buge shi ba.
Na miƙa masa silifansa da hannu biyu
kamar mai mayar da amana.
Na zauna a kan saiwar, ruwa na ɗiga daga gemuna,
na ciro goron, ya jiƙe sharkaf.
Hannuna bai bar rawa ba
sai da aka kira isha.