Yashin Aljihun Mutala

Mun sauka Asafo da la'asar sakaliya,
tirotiro ta kawo mu Aboabo ana kiran magariba.
Makulli na wajen Maame Akosuwa,
ta miƙo shi ta kan katanga tana dariya:
"Kun yi baƙi, kun yi ƙiba."

Ɗaki ya tarbe mu da warin rufi.
Mitar wuta ta cinye kuɗinta,
na'ana'ar tukunya ta sunkuyar da kai,
kyanwa ta dube mu ta kau da ido
kamar mun gudu da bashinta.

Adiza ta zauna kan jaka, ta ƙi tashi.
"Umma, a nan babu teku."
Na ce, babu.
Ban ƙara komai ba,
don ni ma ruwan Elmina bai bar kunnena ba.

A daren ban ce a kwance kaya ba.
Burodi da shayi, fitilar waya,
muka kwanta da ƙafafun tafiya.

Sati biyu suna barci sai ido ya gaji,
suna tashi sai rana ta taka su.
Ba a gyara wannan da tsawa.
Na riƙa jan lokacin barci baya kaɗan-kaɗan,
yadda ake jan akuya daga gonar maƙwabci:
igiya a hannu, baki na lallashi.

Ranar Asabar na tara wanki.
Na ɗauki wandon Mutala, sai ya fashe da kuka,
ya riƙe ƙafa ɗaya, ina riƙe da ɗaya.
Ashe yashi ne cike da aljihu,
ya ɗauko shi tun daga gindin kwalekwale,
awa biyar a mota bai faɗa wa kowa ba.

Na ajiye sabulu.
Muka wanke gwangwanin tumatir, muka shanya,
ya juye tekunsa a ciki da hannunsa,
Adiza ta ɗora katantanwa uku a kai,
muka ba su wuri a taga.

Sai na ba kowa aikinsa na da:
ita ban ruwan na'ana'a,
shi kwanon kyanwa da sayen koko wajen Hajiya Lantana.
Yaro in ya san inda hannunsa ke da amfani,
ƙafarsa kan samu ƙasa.

Lahadi da dare muka goge kayan makaranta.
Takalminta ya matse,
babansu ya ce zai duba Kejetiya.
Ta yi shiru, can ta ce,
"Zan ba Efuwa labarin ƙaguwa."

Litinin suka fita, jaka na dukan baya.
Na share tsakar gida har bakin ƙofa,
na dawo zan ninke zanen da na yi tafiya da shi,
sai ga yashi a bakin ɗaurin.
Ban kakkaɓe ba tukuna.
Ruwan shinkafa na tafasa.