Minti Biyu

Ƙarfe uku da rabi agogo ke tashe ni,
kafin zakara, in ma akwai zakara a Stockton.
A bakin ƙofa nake sa takalmi don kada Itzel ta farka,
in ja ƙyaure a hankali, kamar mai sata a gidan kansa.

A kan tudun Altamont fankokin iska na juyi cikin duhu,
ƙasa kuma jajayen fitilu, mota na bin mota,
carbi guda daga kwari har bakin teku.
Mun san juna ba da suna ba:
mai farar akori-kura da tsani a bayanta,
matar da ke sa kwalli da hannu ɗaya,
saurayin da ke marin kumatunsa don barci ya sake shi.
Mu ke kunna wa gari wuta
kafin masu gari su buɗe ido.

Shekara goma sha ɗaya ina dafa abincin makarantarsu.
Na san yaron da gyaɗa ke shaƙe wa numfashi,
na san wadda ba ta cin wake in ya taɓa shinkafa.
Tawa 'yar kuwa, maƙwabciya ce ta gaya mini
ranar da haƙorinta na farko ya faɗi.

Bayan tashar jirgin ƙasa akwai fili,
tsohon wurin ajiye motoci, ciyawa ta tsaga kwaltarsa.
An ce za a yi bene mai hawa huɗu,
gida sittin, haya daidai aljihun irinmu.
Sai dai a taswirar majalisa an shafe wurin da rawaya,
rawaya kuwa fuloti ɗaya, gida ɗaya,
shinge, da gareji mai cin mota biyu.

Daren Talata ban koma ba, na zauna.
Zauren na ƙamshin kofi da sabuwar darduma.
Wani dattijo ya ce benen zai tare wa tumatirinsa rana.
Uwargida Hallberg, wadda jikanta ke miƙo min faranti sau biyu,
ta ce ba ƙin mutane take yi ba,
amma ina za su ajiye motocinsu?
Wani ya ce gari yana da fuska, kada a ɓata masa.
Aka tafa.

Magatakarda ya kira: Rosalba Tafoya, minti biyu.
Fara da adireshi.
Na faɗa.
Kujeru suka motsa, wata murya daga baya,
ƙasa-ƙasa: ai ba 'yar nan ba ce.

Na zo da takarda, gumin hannuna ya cinye rubutun.
Na ce mil tamanin zuwa, tamanin komawa.
Na ce na yi lissafi: wata guda cur a shekara
a kan kujerar mota nake yinsa.
Na ce motar da kuke tsoro tana waje tun asuba,
shekara goma sha ɗaya tana cin wurinku,
da a kusa nake kwana, da ƙafa zan zo.
Na buɗe baki zan ce Itzel
sai fitila ta koma ja.
Mun gode, in ji magatakarda. Na gaba.

Suka ɗage magana sai bazara,
kwamiti zai je ya auna inuwa.

Hanya ta yi fayau, ni da manyan motocin kaya,
fankokin na nan suna juyi, ba su tambayi adireshin iska ba.
Sha biyu saura na isa.
Ta yi barci a kujera da takalmi a ƙafa,
a tebur ƙaramin kofi, haƙori na biyu a ciki,
da 'yar takarda: Mama, ki gaya wa ɓera yana nan.

Na laluba jaka, kuɗin gada ne kawai ya rage.
Na cire dala ɗaya na sa a kofin,
na zare mata takalmi,
na saita agogo.